Kabad ɗin da Ko Iska Ba Ta Shiga

Babana, Abu Nawras, shekara talatin ya yi yana tuƙa wani injiniya a kamfanin gine-gine. Injiniyan ya fita cikin rana yana aune-aune, Baba yana zaune a mota yana ɓare 'ya'yan kankana yana kallo ta taga. A nan ya yi digirinsa. Tun da ya yi ritaya bai ƙara cewa "su injiniyoyi" ba, sai "mu injiniyoyi", kuma kafin ya faɗa sai ya yi gyaran murya sau biyu, ya shafa gashin baki da bayan babban yatsa. Mu da muke zaune da shi a hawa na uku a unguwar Jabal Nuzha ta Amman mun san ma'anar gyaran muryar nan. Ita ce ta ba mu ƙofar banɗakin da sai ka ɗaga ta da gwiwa take rufuwa, da fankar da take yi wa silin fifita mu muna ƙasa muna gumi.

Satin bikin yayana Nawras ne. Ranar Asabar motar garin Karak ta sauke mana buhu biyu na jamid, dunƙule arba'in da biyar, daga kakata Hajiya Fidda, mahaifiyar Mama. Ita ta kaɗa nonon tumakinta, ta tace, ta sa gishiri, ta dunƙula, ta shanya a inuwa har ya yi tauri kamar dutse. Kowane dunƙule da shatin yatsunta uku a jiki. Kuma shi ne na ƙarshe, domin ta sayar da tumakin, yatsun ma sun daina lanƙwasuwa. Da shi za a yi romon mansaf ranar Juma'a, a malala shi a kan shinkafa da naman rago, mutum ɗari biyu su ci. Rabinsu dangin amarya ne, su ma 'yan Karak, mutanen da in sun kurɓi romo sau ɗaya sai su gaya maka sunan tunkiyar.

Mama ta ja buhunan za ta tura ƙarƙashin gado kamar kullum. Sai muka ji gyaran murya. Sau biyu.

"Ƙarƙashin gado?" in ji Baba. "A gidan injiniya?"

"Shekara ashirin da takwas a nan nake ajiyewa, Abu Nawras."

"Shekara ashirin da takwas Allah yana rufa miki asiri. Danshi fa? Kiyashi fa? Ɓera fa?"

"Ba mu da ɓera."

"Ba ku gan shi ba dai."

Ya ɗaga hannu ya nuna lungun da ke tsakanin kicin da banɗaki, inda kabad ɗin tsohon tankin ruwan zafi yake. Tun da aka sa mana mai aiki da hasken rana a saman bene ba a ƙara kunna tankin ba, yana nan a ciki yana tsatsa abinsa, bai dami kowa ba.

"Zan fitar da shi, in mai da wurin ma'ajiya irin ta banki. Ko iska sai ta nemi izini."

Mama ta kama gefen hannun rigarsa. "Don girman Allah, kwana shida ne. Ka bar gidan nan ya kai Juma'a a tsaye, daga nan ko rushe shi za ka yi zan miƙa maka guduma."

"Lujain," ya ce da ni, "ɗauko akwatin kayan aiki."

Lahadi da hantsi ya fara. Ya ce tankin fanko ne, yaro ma zai ɗauka da hannu ɗaya. Da ya kwance ƙusa ta ƙarshe sai tankin ya sauko da kansa, ya fara gaisawa da babban yatsan ƙafar Baba, sannan ya amayar da sauran jan ruwan da ya shekara uku yana ajiye da shi a kan kafet ɗin da Mama ta wanke jiya. Da wankin kafet ɗin nan da na labulaye ta ƙarar da tankinmu na saman bene tas, kuma ruwan unguwarmu sai Laraba, kamar kowane mako. Bokiti muke aro.

Mama ta dubi kafet, ta dubi sama, ta koma kicin.

Baba ya ce mirgina shi za a yi a matakala, a hankali, hawa bayan hawa, akwai lissafi a ciki. Lissafin ya kai taki biyu. Tankin ya ƙwace ya tafi, gwaram, gwaram, gwaram, ya bi ta kan tukunyar na'ana'ar Ummu Fawwaz, maƙwabciyarmu ta hawa na biyu, ya wuce. Ta fito da ludayi a hannu, ɗankwali a karkace.

"La ilaha illallahu! Girgizar ƙasa ce ko Abu Nawras ne ya kama aiki?"

"Gyara ne, Ummu Fawwaz."

"Ai gara girgizar, ita takan tsaya. Na'ana'ata fa? Daga garin Salt na kawo irinta!"

"Dama ta yi yawa, tana bukatar a rage ta."

Tankin bai tsaya ba sai a ƙofar shagon Abu Ilyas mai gyaran famfo, a hawan ƙasa, kamar mara lafiyar da ya kai kansa asibiti. Abu Ilyas dattijo ne mai magana ɗaya-ɗaya. Ya hau sama ba a kira shi ba, ya leƙa kabad, ya ga bakin bututu a buɗe a can sama inda Baba ya datse shi da zarto.

"A sa wa wannan murfi. Minti biyar ne."

"Wannan? Ai ya mutu." Baba ya hau kujera, ya busa cikin bututun, ya kara kunne, ya tara tafin hannu a ƙasa. "Ka gani? Ko ɗigo."

"Yau Lahadi, Abu Nawras."

"Na san kwanakin mako, Allah ya saka."

"Tankinku ba ruwa. Kowane bututu a gidanku matacce ne ranar Lahadi. Laraba suke tashi."

Mama ta leƙo daga kicin. Baba ya ga ta leƙo. Ya yi gyaran murya, ya ɗauki filaya, ya haye saman bene, inda tankuna goma sha biyu na mutanen gidan suke a jere, bututansu a sarƙe kamar taliyar da aka manta a tukunya. Ya yi minti uku ya dawo yana kaɗe hannu.

"Na ɗaure kan famfonsa daga tushe. Mai jan fenti. Mu injiniyoyi ba ma toshe baki, asali muke kashewa."

"Bari in hau in duba," in ji Abu Ilyas.

"Ka duba aikina? A gidana?"

Abu Ilyas ya ɗaga hannu biyu, ya ce Allah ya ba da sa'a, ya sauka. Baba ya cire safarsa ɗaya ya cusa a bakin bututun, wai saboda ƙura.

Litinin ya liƙe cikin kabad da leda mai kauri, bango da ƙasa, ya bi kowace kusurwa da gam har kwalba huɗu. Ya yanka tsohuwar robar cikin taya ya zagaye bakin ƙofa da ita. Sannan ya ce sai an gwada. Ya shiga ya duƙa, ya ce in rufe in danna sakata, zai ga ko haske yana shiga.

Na rufe. Na danna.

"Madalla! Duhu sosai. To, buɗe."

Na zare sakata na ja, roba ta kama, ƙofa ta ƙi. Na ji yana bugawa a hankali, irin bugun mutumin da ba ya so matarsa ta ji. Mama ta ɗaga murya daga ɗaki tana tambayar mene ne. Wallahi ban yi niyya ba, bakina ne ya yi gyaran murya sau biyu da kansa, ya ce da muryar Baba, "Ba komai, Ummu Nawras, gwaji nake. Kada kowa ya dame ni."

"Da ma wa ya isa," in ji Mama.

Na ƙirga zuwa ɗari, don ilimi ya zauna, sannan na sa cokali na ɓamɓare. Ya fito ja wur, riga a jiƙe, yana haki.

"Kin gani?" ya ce, da numfashi ya dawo. "Ko iska ba ta shiga!"

Talata ya kafa kanta uku da katakon tsohon gadon Nawras, wanda har daren jiya Nawras yake kwana a kai. A kantar sama, daidai ƙarƙashin safar nan, ya jera sabulun Nablus ɗin da Mama ta tara na shekara, wai ƙamshinsa yana korar ƙwari. A biyun ƙasa ya jera jamid, layi-layi kamar sojoji. Ya sa sakata biyu, ya maƙala kwaɗo mai girman tafin hannu, ya jefa mukulli a aljihu ya dafa.

"Ki kwana da daɗi, Ummu Nawras. Dukiyar Hajiya tana hannun masana."

Laraba ta waye da ƙarar da kowa a unguwarmu ya fi so: ruwa yana hawa bututu yana tari. Kafin ƙarfe bakwai injin wanki na kowane gida yana kaɗawa, mata suna wanke matakala da tiyo, igiyoyin shanya sun cika, ba mai amsa waya. Baba da Nawras tun da safe suka tafi kasuwar Sahab zaɓen raguna. Mukulli ya raka su.

Wajen ƙarfe tara Mama ta ce ruwan namu ba shi da ƙarfi yau. Ƙarfe goma na wuce ta lungu na ji kabad yana ƙugi kamar cikin mai azumi. Mama ta kira Baba, ta sa wayar a fili.

"Katako ne yake zama," in ji shi, raguna suna kuka a bayansa. "Sabon aiki yakan yi magana. Mu inji..."

Ta kashe.

Sha ɗaya, maguna biyu suka hawo har hawa na uku suka zauna a ƙofarmu da ladabi. Sha ɗaya da rabi, Ummu Fawwaz ta hawo a bayansu, hannun riga a naɗe, da wani farin abu a goshinta.

"Ummu Nawras, zo ki fassara mini wannan. Yau Laraba, duk duniya tana wanki, ni tankina ko ɗigo bai shiga ba. Famfona a bushe. Amma silina yana tatsar nono!"

Mama ta zauna a ƙasa inda take tsaye. Ni na ruga na kira Abu Ilyas. Ya hawo da ƙarfen ɓalle kwaɗo, ya dubi ƙofar kabad da ta yi ciki kamar mai wata tara, farin ruwa yana tsatsafowa ta ƙasa. Bai kai ga sa ƙarfen ba muka ji sallama a matakala.

Kaka Fidda ce, cikin baƙar rigarta mai aiki a ƙirji, tana dogara sanda. Wanda ya ɗauko ta daga Karak yana biye da ita riƙe da jakarta: Abu Shahir, baffan amarya, babban mutum, da farar riga da jan rawani da takalmi mai sheƙi. A bayansu kuma Baba, yana warin rago, fuska cike da annuri don ya ga jama'a. Matan hawa na ɗaya sun biyo su da tsintsiya a hannu don jin abin da ya sami silin Ummu Fawwaz.

"Kai, kai, kai!" in ji Baba. "Abu Ilyas, ajiye ƙarfen nan! Wannan ba bututun masai ba ne."

"A fara rufe ruwan daga saman bene, Abu Nawras."

"Na rufe tun Lahadi, a gabanka."

"Ina jamid ɗina?" in ji Kaka. Ko zama ba ta yi ba.

"Hajiya, kin zo a kan gaɓa. Abu Shahir, matso kusa, ka ga abin da za ku riƙa ba da labari a Karak."

"To wannan farin ruwan fa?" in ji Abu Shahir, yana ɗage bakin rigarsa.

"Gumi ne. Alamar an rufe da kyau ke nan."

Mama ta ce, "Abu Nawras, kada ka buɗe." Abu Ilyas ya koma bayan ƙofar kicin. Ni na hau kujera. Baba ya yi gyaran murya sau biyu, ya buɗe kwaɗo, ya zare sakatar sama, ya juyo yana murmushi.

"Danshi, babu. Kiyashi, babu. Ɓera..."

Sakata ta biyu ba ta jira shi ba.

Ƙofar ta make shi a ƙirji. Abin da ya biyo bayanta ba ruwa ba ne, ba nono ba ne, wani farin tudu ne mai kumfa mai warin tunkiya da wanka. Ya kwashe Baba a zaune, ya fita da shi ta ƙofar gida da muka bari a buɗe, ya saukar da shi matakala taki tara yana riƙe da kwaɗonsa. Dunƙulen jamid suka bi shi suna tsalle ɗaya bayan ɗaya, sabulai suna tsere da su. Matan hawa na ɗaya suka watse suna salati. Maguna suka lasa sau ɗaya, suka yi atishawa, suka tafi. Kumfa ta kai wa Abu Shahir gwiwa, safar Baba kuma ta zo a hankali a kan ruwa ta kwanta a kan takalminsa. A can sama cikin kabad, mataccen bututu yana ta zuba da ƙarfinsa.

Abu Ilyas ya haye bene. Ruwan ya tsaya.

Kaka ta duƙa da ƙyar ta ɗauki dunƙule ɗaya. Ya koma kamar ƙwan kaza, sulɓi, shatin yatsunta ya goge. Ta juya shi a tafin hannu, ta kai harshe, ta tofar. Ni da bakina ba ya hutawa, na nemi abin dariya na rasa.

"Sabulu," ta ce.

Daga ƙasan matakala murya ta taso, kumfa a gashin baki. "Amma Hajiya, a yi adalci. A dubi ledar nan. Awa biyar tana riƙe da ruwan tanki guda! Wane kafinta ne a Amman zai..."

"Ɗan nan," in ji Kaka, "ranar da ka zo neman 'yata ka ce mini kai direba ne. Na ce alhamdulillahi, sana'a mai albarka. Wa ya yi maka wannan sharrin daga baya?"

Abu Shahir ya juya ya fuskanci bango, kafaɗunsa suna rawa.

Abu Ilyas ya sauko yana goge hannu. "Na rufe naku. Mai shuɗin fenti ne. Mai jan fentin da aka ɗaure da filaya, na Ummu Fawwaz ne. Na buɗe mata."

Abin da Ummu Fawwaz ta faɗa na iya shi kalma da kalma, da muryarta da yadda take buga cinya, amma Mama ta hana ni maimaitawa sai bayan ta mutu. Ta faro daga na'ana'a, ta bi ta silin, ta gangaro kan kakannin wanda ya ƙera filaya. Da ta gama ta sauka tana huci, ta tsallake Baba kamar buhu. Muka ji ta buga ƙofa. Muka ji ta sake buɗewa. Ta hawo da ƙullin zane, ta ajiye a cinyar Kaka: dunƙule huɗu.

"Na ƙanwata ne, daga Madaba. Bai kai naki ba, Hajiya. Kuma ba don wancan ba, don Nawras, a hannuna ya koyi tafiya."

Matan hawa na ɗaya suka dubi juna suka sauka. Wannan ta kawo biyu, waccan uku. Kafin la'asar labari ya zaga layinmu, mata suna shigowa da ƙulli a ƙarƙashin mayafi, kowace sai ta tsaya ta leƙa kabad ta ce Allah ya kyauta. Abu Shahir ya kira matarsa a Karak ya ce a aiko da goma a motar safe, sannan ya shafe rabin awa yana gaya mata dalili, da gyaran muryar da komai. Bai iya ba sosai, sai da na gyara masa.

Ana cikin haka Mama ta shiga ɗaki ta fito da rigar matashin kai, ta zazzage ta a gaban Kaka. Dunƙule biyar, busassu, kowanne da shatin yatsu uku.

"Daga ina?" in ji Baba.

"Ƙarƙashin gado. Wajen ɓeran."

Kaka ta shafa su ɗaya bayan ɗaya. Ta ce waɗannan na farantin ango ne, ita za ta dama da kanta ko yatsun za su karye.

Sauran kuwa Baba aka ba. Alhamis tun hantsi Kaka ta sa aka ajiye masa baho a ƙofar gida, daidai shagon Abu Ilyas, ya zauna a kan tsohon tankin yana murza jamid ɗin gida goma sha ɗaya a cikin ruwa, ita tana kan kujera a gefensa da sanda. Duk wanda ya wuce sai ya ce, "Sannu da aiki, Injiniya." Yatsunsa suka yi fari suka yamutse.

Juma'a aka ci mansaf. Wani tsoho daga dangin amarya ya kurɓi romo, ya lumshe ido, ya ce wannan tumaki da yawa ne suka yi taro. Baba ya matso, ya shafa gashin baki. "Haɗi ne na musamman. Mu..." Kaka ta yi gyaran murya daga bayan labule, sau ɗaya tak. Ya ce bari ya duba ko shinkafa ta isa.

Abu Ilyas ya sa wa bututun murfi. Minti huɗu ya ɗauka. Kabad ɗin yana nan, da ledarsa da robarsa da sakata biyu, kuma maganar gaskiya bai taɓa yin danshi ba tun daga ranar. Abu ɗaya ne a ciki: akwatin kayan aikin Baba, da zarto, da filaya. Mukullin yana Karak, a wuyan Kaka.